Yadda Bayanan Na'urar Barci Ke Ceto Aikin Matuƙin Jirgin Sama

A ranar 13 ga watan Fabrairun 2008, wani jirgin fasinja na kamfanin Mesa ya tashi daga Honolulu zuwa Hilo a jihar Hawai ta Amurka. Tafiya ce da ba ta kai awa guda ba. Ana tsakiyar tafiya sai barci ya kwashe matuƙan biyu, masu kula da zirga-zirgar jirage suna ta kira babu amsa, har jirgin ya wuce filin saukarsa da mil 26 na teku kafin su farka su juyo. Babu wanda ya ji rauni. Da aka gwada kyaftin ɗin daga baya, sai aka gano yana fama da matsananciyar cutar ɗaukewar numfashi a cikin barci, shi kuwa bai sani ba.

Wannan na cikin abubuwan da suka sa hukumar kula da sufurin jiragen sama ta Amurka, wato FAA, ta tsaurara bincike. Tun daga watan Maris na 2015, duk likitan da ke duba matuƙa a madadinta dole ya auna yiwuwar wannan cuta ga kowane mai neman takardar shaidar lafiya. Darasin yau zai nuna yadda mai cutar ke sabunta takardarsa, da yadda aikin ya rataya a kan bayanan da wata ƙaramar na'ura ke tarawa kowane dare.

Mece ce cutar?

Idan mutum ya yi barci, tsokar maƙogwaronsa kan saki. A wurin wasu, sakin yakan kai ga toshe hanyar iska, numfashi ya tsaya na daƙiƙa 10 ko fiye, iskar oksijin ta ragu a jini, sai ƙwaƙwalwa ta zaburar da mutum ya ja numfashi. Hakan na iya faruwa sau ɗaruruwa a dare ɗaya ba tare da ya tuna komai da safe ba. Alamominta sun haɗa da minshari mai ƙarfi, ciwon kai da safe, da gyangyaɗi da rana tsaka. Ƙiba tana ƙara haɗarinta, amma siriri ma yana iya kamuwa.

Likitoci suna auna tsananinta da wani ma'auni mai suna AHI, wato yawan tsayawa ko raguwar numfashi a kowace awa ta barci. Ƙasa da 5 lafiya lau ne. Daga 5 zuwa 14 mai sauƙi ce, daga 15 zuwa 29 matsakaiciya, 30 zuwa sama kuwa mai tsanani.

Na'urar da ke maganin, kuma take ba da shaida

Maganin da aka fi amfani da shi wata na'urar hura iska ce da ake kira CPAP. Wani likita ɗan Ostireliya mai suna Colin Sullivan ne ya ƙirƙiro ta, ya wallafa sakamakon aikinsa a 1981. Aikinta shi ne tura iska a hankali ta cikin tiyo da takunkumi, don hanyar numfashi ta zauna a buɗe har gari ya waye.

Na'urorin yanzu ƙananan kwamfutoci ne. Suna rubuta lokacin da aka kunna su da lokacin da aka kashe, ƙarfin iskar da suka tura, yawan iskar da ta zurare ta gefen takunkumi, da adadin tsayawar numfashin da ya rage duk da maganin. Samfurin AirSense 10 na kamfanin ResMed, alal misali, yana da gurbin katin memori, yana kuma da nasa modem da ke aika bayanai ta hanyar sadarwar wayar salula. Likita yana gani ta dandalin AirView, mai na'ura kuma yana ganin taƙaitawa a wayarsa ta manhajar myAir.

Abin da FAA ke nema

Kamuwa da cutar ba ya nufin aikin tuƙi ya ƙare. Wanda aka tabbatar yana da ita, kuma yana kan magani, ana ba shi takardar lafiya ta hanyar izini na musamman, wanda galibi ake bibiyarsa duk shekara. Lokacin sabuntawa, mai amfani da na'urar hura iska zai kawo abubuwa uku:

1. Takardar da ya sa wa hannu da kansa, yana mai tabbatar da cewa yana bin magani kuma ba ya fama da barcin rana.
2. Rahoton likitan da ke kula da shi, mai nuna cewa maganin yana aiki.
3. Rahoton na'urar na tsawon shekarar da ta gabata.

A rahoton na'urar ake duba lambobin da komai ya dogara a kansu: amfani da ita a aƙalla kashi 75 cikin 100 na lokutan barci, da matsakaicin awa 6 ko fiye a kowane barci. Ana kuma son AHI ya sauko zuwa 5 ko ƙasa da haka. A lissafi mai sauƙi, kashi 75 na darare 365 shi ne darare 274. Ke nan wanda ya bar na'urar fiye da darare 91 a shekara ya faɗi ƙasa da layi.

Inda makin manhaja ke yaudarar mutum

A Amurka, shirin inshorar lafiya na Medicare yana ɗaukar mutum a matsayin mai bin magani idan ya yi awa 4 a kashi 70 na darare cikin kwana 30 a jere. Rahotanni da yawa da masu sayar da na'urori ke fitarwa an tsara su ne a kan wannan mizani. Sai matuƙi ya ga rahotonsa ya nuna ya cika sharaɗi, alhali sharaɗin inshora ya cika, ba na hukumar jiragen sama ba. Mai yin awa 4 da rabi kowane dare ya tsallake na farko, amma na biyu ya kayar da shi.

Makin myAir ma haka yake. Manhajar tana ba da maki 100 a kowane dare: 70 na yawan awanni, inda kowace awa ke da maki 10, sai 20 na zaman takunkumi daram ba yoyo, 5 na ƙarancin tsayawar numfashi, 5 kuma na rashin yawan cire takunkumi. Wanda ya yi awa 5 kacal, sauran abubuwa suka tafi daidai, zai ga maki 80 a wayarsa ya ji daɗi. Amma awa 5 ba ta kai 6 ba. An ƙirƙiri makin ne don ƙarfafa gwiwa. Likitan hukuma awanni yake dubawa.

Wuraren da bayanai ke ɓacewa

Na farko, na'urar tafiya. Matuƙi yakan kwana a otal-otal, don haka da yawa suna da ƙaramar na'ura ta biyu irin AirMini, wadda ba ta da gurbin memori, sai dai ta haɗu da waya ta Bluetooth. Idan rahoton na'urar gida kaɗai aka kai, duk dararen tafiya za su bayyana kamar ba a yi magani ba. Dole a fitar da rahoton kowacce a haɗa.

Na biyu, sauya na'ura. Idan tsohuwa ta lalace ko an karɓe ta, kamar yadda ya faru da miliyoyin na'urorin Philips da kamfanin ya janye a watan Yunin 2021, a kwashe bayananta kafin ta bar hannu.

Na uku, agogo. Na'urorin ResMed suna ƙirga yini ne daga ƙarfe 12 na rana zuwa 12 na ranar gobe. Mai aikin dare da ya kwanta ƙarfe 9 na safe ya tashi 3 na yamma zai ga an raba barcinsa gida biyu, kowane rabi a rana daban. Irin wannan sai likita ya yi bayaninsa a rahoto.

Na huɗu, wuta. Inda lantarki ba shi da tabbas, daren da aka ɗauke wuta dare ne da ya tafi a banza, sai in an tanadi batir ko inbata.

Mai son ganin bayanansa dalla-dalla zai iya sauke OSCAR, manhajar kwamfuta ta kyauta da ke karanta katin memorin na'urori da dama, ta zana numfashin dare gaba ɗaya. Tana da amfani wajen gano yoyon takunkumi tun da wuri, amma rahoton da za a miƙa wa hukuma ya fi kyau ya fito daga likita ko mai sayar da na'urar.

Agogon hannu fa?

A 2024 hukumar FDA ta Amurka ta amince da fasahar gano alamun wannan cuta a agogon Galaxy Watch na Samsung, sannan a Apple Watch. Aikinsu gargaɗi ne kawai. Ba sa tabbatar da cuta, ba sa maye gurbin gwajin barci da likita ke rubutawa, kuma ba sa zama shaidar bin magani.

Ɓoyewa ba mafita ba ce. Fom ɗin lafiya da matuƙa ke cikewa a shafin MedXPress takardar gwamnatin tarayya ce, kuma yin ƙarya a cikinsa laifi ne da kan iya jawo ƙwace lasisi har da gurfana gaban kotu.

Duk sharuɗɗan da aka lissafa a sama na Amurka ne. Matashin da ke burin shiga kwalejin koyon tuƙin jirgin sama ta Zariya zai bi ta hannun likitocin da hukumar NCAA ta Najeriya ta amince da su, kuma su ne za su faɗa masa abin da ake buƙata. Wanda kuwa na kusa da shi suka sha gaya masa yana minshari har numfashinsa na ɗaukewa, gara ya ga likita tun kafin ya zuba kuɗin makaranta. Idan ya fara amfani da na'ura, ya riƙa duba awanninsa duk ƙarshen wata, domin daren da ya wuce ba a iya mayar da shi cikin rahoto ana gobe ganin likita.