Haɗa Kai Wajen Ƙera Wasan Kwamfuta: Darasi Ga Ɗalibai

Jama'a da yawa suna ganin 'ya'yansu suna wasa da waya ko kwamfuta, amma ba kowa ne ya san yadda ake ƙera waɗannan wasanni ba. Wasan kwamfuta sana'o'i ne da dama a haɗe: akwai mai tsara dokokin wasa, da mai rubuta umurnin da na'ura za ta bi, da mai zane, da mai haɗa sauti, da kuma mai gwaji. Don haka ne makarantun da ke koyar da wannan ilimi sukan raba ɗalibai rukuni-rukuni, domin hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Misali Daga Tarihi

A shekarar 1962, waɗansu samari a Jami'ar Fasaha ta MIT da ke Amurka, ɗalibai da ma'aikatan bincike, suka ƙera wasa mai suna Spacewar! a kan kwamfuta samfurin PDP-1. Jiragen sararin samaniya biyu ne ke harbin juna a cikinsa. Steve Russell shi ne ya ɗauki nauyin rubuta ainihin wasan, amma ya yi ta jan ƙafa, yana cewa ba shi da waɗansu ƙa'idojin lissafi. Sai Alan Kotok ya samo masa su daga kamfanin da ya ƙera na'urar, uzuri ya ƙare. Peter Samson ya ƙara taurari daidai da yadda suke a sama, Dan Edwards ya sa ranar da ke tsakiyar allo ta riƙa jan jiragen, kana Kotok da Bob Saunders suka ƙera akwatunan tuƙi. Kowa ya kawo abin da ya ƙware a kai.

Haka kuma a 2005 waɗansu ɗaliban makarantar DigiPen, ita ma a Amurka, suka kammala wasan Narbacular Drop. Kamfanin Valve ya gani, ya ɗauke su aiki, aka gina wasan Portal a kan dabararsu, ya fito a 2007.

Abin Da Ya Kamata Ɗalibai Su Kiyaye

1. A zaɓi ƙaramin wasa wanda za a iya gamawa kafin ƙarshen zangon karatu. Wasan da aka bari rabi da rabi ba ya kawo maki, balle aiki.

2. A rubuta tsarin wasan a takarda tun farko, kowa ya amince, don gudun gardama daga baya.

3. A raba aiki a fili, a yanka wa kowa wa'adi. Wanda ya makara ya tsai da sauran duka, gama mai gwaji ba zai gwada abin da ba a rubuta ba.

4. Wanda ya ga ɗan'uwansa ya cije, ya taimake shi kamar yadda Kotok ya yi, kada ya tsaya ga zargi.

5. A ba waɗanda ba sa cikin rukunin su buga wasan tun yana ɗanye. Su ne za su ga aibin da masu shi ba su gani ba.

Iyaye da malamai kuwa, kada a yi saurin ɗaukar wannan aiki a matsayin shiririta. Yaron da ya gama shi ya koyi lissafi, da zane, da cika alkawari, da haƙuri da abokan aiki. Lalle ne a ƙarfafa masa gwiwa, muddin bai yi sakaci da sauran darussansa ba.