Amsoshin Wasiƙunku: Sintirin Dare a Kudenda

Wasiƙarmu ta farko daga Kudenda ta fito, daga wata uwa mai sayar da abinci a ƙofar masana'antu. Ta ce masu ƙwacen waya sun addabi ma'aikatan da ke tashi daga aikin dare, har samarin unguwa sun yanke shawarar kafa sintiri, ɗanta kuma yana ciki. Tana tambaya: ta bar shi ko ta hana shi?

Mama, ki bar shi, amma da sharaɗi. Kada su fita sai da sanin mai unguwa da DPO na yankinku, a rubuta sunan kowa. Gwamnatin jiha tana da hukumar 'yan sintiri, KADVS, wadda aka ƙara wa mutum 7,000 a 2023, to su nemi a haɗa su da ita. Wanda suka kama kuwa, hannun 'yan sanda za a miƙa shi da ransa da lafiyarsa. Ba duka, ba taya, ba fetur.

A nan zan ɗan tsaya, domin Kaduna ba kamar sauran garuruwa ba ce. A garin nan, da zarar taro ya rufe ɓarawo da duka, kafin a tambayi abin da ya sata an riga an tambayi addininsa. Mun ga Fabrairun 2000, mun ga Nuwamban 2002, mun ga Afrilun 2011. Waɗannan rigingimu ne suka sa maƙwabta suka kwashe kaya suka tsallaka kogi, Musulmi suka yi arewa, Kirista suka yi kudu. A Oktoban 2018 ma, a Kasuwan Magani wuta ta tashi, amma jita-jita ta kawo ta cikin gari har aka sa dokar hana fita ta awa 24. Saboda haka, Mama, ki tambayi ɗanki su wane ne abokan sintirinsa. In duk 'yan coci ɗaya ne ko 'yan masallaci ɗaya, ki ce ban yarda ba. A sa Bagwari, a sa Bahaushe, a sa Bajju, su kuma karɓi lambar wayar takwarorinsu na Nasarawa da Tirkaniya, don in labari ya taso cikin dare a ji gaskiyarsa kafin a ɗauki gora. Irin wannan haɗin kai mai yiwuwa ne: Imam Muhammad Ashafa da Fasto James Wuye da makami suka fara sanin juna, Fasto har hannu ya rasa a rikicin 1992, amma tun 1995 tare suke aikin sulhu a garin nan.

Wani ɗan'uwa kuma ya aiko saƙo yana cewa duk rashin aiki ne ya jawo ƙwacen wayar nan. Malam, da gaskiyarka. Masaƙar KTL ta Kakuri ta rufe a 2002, UNTL ta bi baya a 2007, dubban magidanta suka zauna, 'ya'yansu ne samarin yau. Sai dai ba za mu jira masaƙu su farfaɗo kafin mu kare masu dawowa daga aiki ba. Dattawan Kudenda su tashi takanas su sami shugabannin kamfanonin da ke unguwar, su roƙi a sa fitilu masu aiki da hasken rana a bayan katangunsu, a kuma samar da motar da za ta riƙa kai ma'aikatan dare bakin unguwanninsu.