Don Me Allah Ya Hana Cin Jini?

'Yan'uwa, sau da yawa akan tambaye mu ko mai bi yana da izinin cin jini. Bari mu duba Littafi Mai Tsarki tare.

Wannan doka ta girmi Musa. Bayan ruwan tsufana Allah ya yardar wa Nuhu ya ci nama, amma ya hana shi jini (Farawa 9:4). Dalilin yana cikin Littafin Firistoci 17:11. Ran dabba yana cikin jininta, rai kuwa na Allah ne. Ya keɓe jini domin bagade, a yi kafarar zunubi da shi. Ko mafarauci, in ya kashe barewa a jeji, sai ya tsiyaye jinin ya rufe shi da ƙasa. Ashe ba don ƙazanta aka hana shi ba, don darajarsa ne.

To, yanzu fa? Jinin Yesu ya cika abin da jinin awaki ya kasa yi, ba sauran hadaya. Duk da haka a taron Urushalima, wajen shekara ta 49, manzanni suka rubuta wa al'ummai masu bi su guji jini da maƙararriyar dabba (Ayyukan Manzanni 15:29). Waɗansu malamai sun ce an yi wannan don zaman lafiya da Yahudawa ne kaɗai. A ganinmu, ko da haka ne, maganar ta shafe mu. Maƙwabtanmu Musulmi ba su cin jini ko mushe. In suka ga jini a tukunyarmu, ba za su ƙara sa hannu a akushinmu ba, balle su saurari bishara.