Ƙwalamar Yara Ƙanana a Gida

Ya ku manoma da dagatai da masu unguwanni, wannan takarda a kan abin da yara ke ci tsakanin kalaci da kalaci take magana. Wanda ya iya karatu ya karanta wa matan gidansa, gama aikin a hannunsu yake.

Ku sani cikin yaro ƙanƙane ne. Tuwon dare da ɗumamen safe su kan riƙe babba, amma ba su riƙe ɗan yaye. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce yaro daga shekara 1 zuwa 2 ya ci abinci sau 3 ko 4 a yini, a kuma ba shi abin taɓawa sau 1 ko 2, ban da nonon uwa. Ashe ƙwalama ba laifi ba ce, sai dai a duba abin da aka ba shi.

Fagge tun da can zangon fatake ne. Da jirgin ƙasa ya iso Kano cikin 1911, aka kafa Sabon Gari kusa da shi, kayan kanti suka yawaita. Yau yaron waɗannan unguwanni in ya fito ƙofar gida da kuɗi a hannu, sai ya tarar da mai tebur da alewa da biskit da cingam da lemon kwalba. Kwalba guda ta kan ɗauki sukari fiye da ƙaramin cokali 6. Zaƙin nan ya kan toshe wa yaro ciki har ya ƙi tuwo, ya kuma ci masa haƙora, ba tare da ya gina masa jiki ba. Har ƙauyuka ma abin ya kai.

To, abin da ya fi yana cikin rumbunku. Gyadar nan da ta ɗaukaka sunan Kano tun 1912, rubu'inta abin gina jiki ne, kusan rabinta kuwa mai ne. Cikin 1933 wata likita, Cicely Williams, ta bayyana wata cuta da ta gani a Ankara ta ƙasar Gana: yaro ya kumbura, gashinsa ya yi ja, ya rasa kuzari. Ta fi kama wanda aka yaye saboda kwanika, aka bar shi da koko tsura. Kunun gyada, da ƙosai, da alala, da dafaffen ƙwai, da fura da nonon da aka tafasa madararsa, su ne garkuwarsa. Abin kunya ne manomi ya sayar da gyadarsa ƙaf, ɗansa na fama da tamowa.

Amma a kiyaye abu biyu. Kada a ba yaron da bai kai shekara 5 ba gyada ɗungum, ko aya, don kada su shaƙe shi. A daka ƙuliƙuli, a barbaɗa masa a kunu ko a kwaɗon zogale. Na biyu, gyadar da ta yi fumfuna dafi ce. An gane haka bayan da talo-talo wajen 100,000 suka mutu a Ingila cikin 1960, don sun ci tunkuzar irin wannan gyada. Dafin hanta yake ɓatawa, suya kuwa ba ta kashe shi. Ku shanya gyada bisa tabarma har ta bushe sarai, ku tsince mai ɗaci da mai baƙi ku zubar. Kada a ce a ba yara, wai don kada a yi asara.

Mangwaro da gwanda da karas suna tsare ido daga dundumi. Goba da lemo da garin ɗan kuka suna ƙarfafa dasashi. Kayan lambun bakin Jakara kuwa a wanke su ƙwarai, gama kwatamin gari a cikinta yake zuba.

Saura yadda za a saba wa yaro. Icce tun yana ɗanye a kan tanƙwara shi. A tsai da lokaci, da hantsi da bayan la'asar, kada ya yini yana tauna. A wanke masa hannu da sabulu, a zaunar da shi, a ba shi nasa ƙoƙo dabam, don in ya haɗa da yayyensa ba ya samun rabo. In ya ƙi sabon abu yau, kada a doke shi, a sāke miƙa masa jibi. Kada kuma a riƙa rarrashinsa da alewa, gama ya koyi ke nan cewa kuka ne kuɗinta. A nan sai an roƙi kakanni, su ne suka fi wannan ɓarna. Maigida in zai komo daga kasuwar Sabon Gari, tsarabarsa ta zama ayaba ko lemo, ya kuma ci a gaban yara.

Dagatai da masu unguwanni su faɗi wannan a wurin suna da ɗaurin aure. Su kuma umarci kowane gida ya dasa gwanda biyu da zogale inda ruwan wanka ke kwarara. Gwanda ta kan fara 'ya'ya cikin shekara guda, zogale kuwa reshensa ma aka kafa da damina sai ya kama.