Yadda Ake Farfaɗo da Littafin Zane na Tsohon Fim: Hanyar da Star Wars Ya Bi

Ranar 14 ga Janairun 2015 kamfanin Marvel na Amurka ya saki fitowa ta farko ta sabon littafin labarin zane na Star Wars, shaguna kuma suka yi odar kwafi fiye da miliyan 1. Tsohon jerin da kamfanin ya fara a 1977 ya tsaya tun 1986, bayan fitowa 107. Tsakanin mutuwar wancan da haihuwar wannan akwai aiki mataki-mataki, kuma kusan hanya ɗaya ce duk mai son tayar da littafin zane na wani shahararren fim yake bi.

Da lasisi ake farawa. Jaruman fim dukiyar wani ce, ba a zana su a sayar sai da izinin mai su. Daga 1991 lasisin Star Wars ya koma hannun kamfanin Dark Horse, wanda a shekarar ya kuma tayar da labaran Indiana Jones bayan Marvel ya ajiye su. Disney ya sayi Marvel a 2009, ya sayi Lucasfilm, mai Star Wars, a 2012, kowanne a kan kusan dala biliyan 4. Da mai fim da mai buga littafi suka koma gida ɗaya, sai aka jira wa'adin Dark Horse ya cika a ƙarshen 2014.

Sai tankaɗe da rairaya. Shekaru sun tara labarai masu karo da juna, dole a ware wanda ya "faru" a duniyar fim ɗin da wanda bai faru ba. A Afrilun 2014 Lucasfilm ya yanke hukunci mai zafi: tsofaffin littattafan duk aka sa musu tambarin Legends, aka fitar da su daga ainihin tarihin, aka ɗora wa wani kwamitin cikin gida alhakin duba kowane sabon labari. Masu karatun da suka yi shekara da shekaru suna bibiya sun ji ciwo, kuma suna da gaskiyarsu. Amma ba don haka ba, da marubuci bai samu wurin sa ƙafa ba.

Mataki na gaba shi ne zuciyar aikin, nan kuma ake gane gwani: neman gurbin da fim ya bari. Sake ba da labarin da kowa ya haddace ba ya riƙe mai karatu. Marubuci Jason Aaron ya shiga tazarar da ke tsakanin fim na 1977 da The Empire Strikes Back na 1980, wadda a cikin labarin ta kai kimanin shekara 3. A fim na farko Darth Vader bai san sunan matashin da ya tarwatsa musu makami ba. A na biyu ga shi yana farautar matashin, Luke Skywalker, da suna. Yaushe ya sani, wa ya gaya masa? Fim bai ce komai ba. Aaron ya gina fitowa 6 na farko har suka kai ga wannan gaɓa: Boba Fett, wanda Vader ya tura farautar yaron, ya dawo hannu rabbana, bai kamo yaron ba, sai sunansa kawai ya kawo. Vader bai ce uffan ba har Fett ya fita, sai gilashin tagar jirgin ya fara tsagewa a gabansa. Shafi ne da bai saɓa wa fim ko ɗaya ba, ya kuma ƙara wa duka biyun nauyi.

Daga nan aiki ya zama na hannu da hannu. Marubuci yana tsara kowane shafi gida-gida, ya faɗi abin da za a gani da abin da za a ce, yawanci shafi 20 a fitowa guda. Edita ya duba, masu fim su amince, sannan mai zane ya ɗauka. Marigayi John Cassaday ne ya zana waɗancan fitowa 6, Laura Martin ta zuba launi, wani kuma daban ya jera kalaman. Wahalar mai zane a nan ta fi ta sauran littattafai, domin fuskokin 'yan wasan fim ɗin irin su Harrison Ford da Carrie Fisher kowa ya san su. In ya kauce, a ce ba su ba ne. In ya kwafi hoton fim sak, sai mutanen su sandare a kan takarda kamar gumaka.

Tsofaffin shafukan ma ba a barinsu a kwaba. Ana ɗaukar hotonsu da na'ura, a goge dattin tsohuwar takarda, a haɗa su cikin manyan kundaye. A 2015 Marvel ya sake buga labarin fim na farko da Roy Thomas ya rubuta, Howard Chaykin ya zana, da sabon launin kwamfuta na Chris Sotomayor. Aikin ya yi kyau, sai dai zanen da aka yi domin launi mai sauƙi na 1977 ba koyaushe yake ɗaukar inuwa da ƙyallin zamani ba, shi ya sa ya dace a riƙa barin na asali a kasuwa. Waɗannan shafuka tarihi ne: an fara sayar da su a Afrilun 1977, kafin fim ɗin ya fito a watan Mayu, kuma da yake daga rubutun fim aka zana su, sun ƙunshi wuraren da aka yanke, har da wani Jabba mai tafiya da ƙafa biyu wanda bai yi kama ko kaɗan da ƙaton da duniya ta gani a 1983 ba.

Talla kuwa ba a ɓoye dabararta. Shagunan littattafan zane suna yin oda tun kafin a buga, don haka aka yi wa fitowa ta farko bango iri-iri masu ɗimbin yawa domin masu tarawa, aka kuma saki jerin a shekarar da ake ɗokin sabon fim ɗin The Force Awakens. Wannan ya kumbura adadin miliyan ɗin, ba shakka.

Abin da ke nuna an farfaɗo da gaske shi ne littafin ya haifi nasa. A Fabrairun 2015 Kieron Gillen da Salvador Larroca suka fara jerin Darth Vader, a fitowa ta 3 suka shigo da Doctor Aphra, mai tonon kayan tarihi marar amana wadda ba ta cikin kowane fim. Masu karatu suka karɓe ta hannu bibbiyu, har ta samu jerin kanta a Disambar 2016. Babban jerin da Aaron ya buɗe ya kai fitowa 75 kafin a rufe shi a 2019, aka buɗe wani a 2020 da ya ɗora daga inda The Empire Strikes Back ya tsaya.