Darasi: Kibiyar Saƙa da Abin da Ake Yin Ta da Shi

 Kafin hunturu ya shigo mata kan tashi neman ulu da kibiya domin saƙa wa jarirai hula da safa da rigar sanyi. Mai tebur da yawa ya san ulu sarai, amma kibiya sai ya sari duk wadda aka miƙo masa, alhali ita ce ake yawan dawowa da ita ana cewa a sake.

Mu fara da alminiyam, domin ita ta fi yawa a hannun mutane. Ba ta da nauyi, ba ta tsatsa, zare yana sulɓewa a kanta, gwanaye masu sauri suna son ta. Irin mai ruwan toka ɗin nan ta Aero, wadda aka daɗe ana yi a garin Redditch na Ingila, iyayenmu sun san ta, kuma ta Pony daga Indiya take zuwa. Aibinta biyu ne. In siririya ce takan lanƙwashe, in kuwa rufin da aka yi mata ya goge a baki, sai ta riƙa baƙanta farin ulu. Wadda ta saƙa farar hular suna ta ga ta yi dauɗa tun ba a sa ba, ai ba za ta zargi kamfani ba, kai za ta zarga. Saboda haka a duba bakin kowace kafin a biya.

Ta baƙin ƙarfe ta fi ƙarko, siraran ciki ma da wuya su karye, amma tana da nauyi, kuma in ba mai rufi ba ce damina ɗaya ta isa ta yi tsatsa a cikin kwali.

Ta roba ita ce mai araha, kuma a manyan lambobi tana da amfani tunda ba ta gajiyar da hannu. To amma mu nan ƙasar zafi ce. A bar ta a kan tebur rana tana dukanta, sai ta karkace ko ta yi gautsi. Ga shi ulun da ya cika kasuwa na roba ne, roba kan roba kuwa cijewa take yi. Ni dai ban ba da shawara a tara ta da yawa ba.

Ta gora da ta itace suna riƙe zare, ƙulli ba ya zubewa, shi ya sa suka dace da mai koyo. Kamfanin Clover na Japan ya yi suna a ta gora. A kiyaye su daga laima da ƙwaro, a kuma sani siraran suna karyewa in an danne su da kaya. Gwajinsu mai sauƙi ne: a goga auduga daga gindi zuwa baki, in ta kama, akwai tsaga. Kowace iri kuma a mirgina ta a kan faifan tebur, mai karkata za ta nuna kanta.

Ta hauren giwa da ta ƙoƙon kunkurun teku kayan da ne. An hana cinikin hauren giwa tsakanin ƙasashe tun 1989, kada wani ya rinjaye ka da sunan tsohon kaya.

Saura maganar lamba, kuma nan ne ake yin asara. A tsohon lissafin Ingila, in lamba ta hau kibiya sirancewa take yi. A na Amurka kuwa kauri take ƙarawa. Lamba 8 ta Ingila milimita 4 ce, lamba 8 ta Amurka milimita 5, sai a lamba 7 kaɗai suka haɗu a kan milimita 4.5. Dillalin da aka aika ya kawo "lamba takwas" bai tambayi ta wace ƙasa ba, yana iya cika kwali da abin da mai kaya ba zai karɓa ba. A riƙa rubuta odar da milimita, a kuma ajiye ɗan faifan awo mai huji-huji a shago domin gwada kibiyar da lambarta ta goge. Wassalam.