Motsa jiki kafin ƙwallo: riga-kafi maras tsada

Samarinmu da yawa suna shiga fili ba tare da sun ɗumama jiki ba. Daga nan sai targaɗe ko ciwon gwiwa. Kuɗi su tafi wajen magani, gona kuma ta rasa mai noma.

A shekara ta 2006, hukumar ƙwallo ta duniya, FIFA, ta fito da tsarin motsa jiki mai suna 11+. Minti 20 ne: gudu sannu-sannu, tsalle, tsayuwa bisa ƙafa guda da ƙarfafa cinya. A ƙasar Norwe, binciken 2008 ya nuna raunukan ƴan matan da suka bi tsarin sun ragu da kusan kashi ɗaya cikin uku.

Ba a biyan ko dala. Mu riƙa yin shi aƙalla sau biyu a sati, kafin horo. Ranar wasa, gudun kaɗai ya isa.